Idan Mai Ba da Labarin Shi Ne Abin Tsoro: Tambayoyi da Amsoshi a kan Labaran Zargi da Taɓin Hankali

Tambayoyin nan sun taru ne a hankali daga zaman karatun da muke yi bayan la'asar a Garwa tare da wasu ɗalibai da malaman makaranta, wasu kuma an aiko su daga Marwa da Kuseri da Injamena. Na haɗa masu kama da juna wuri guda, kuma inda magana ta zama ra'ayina ne kawai, na faɗi haka.

Wane irin labari ake nufi, kuma me ya raba shi da labarin dodo da fatalwa?

A labarin dodo, abin tsoron yana waje. Yana da jiki ko inuwa, yana da wurin da yake fitowa, kogo ne ko maƙabarta ko gindin kuka, kuma mai sauraro ya san abin da ya kamata a yi, wato a kulle ƙofa, a kunna fitila, a yi addu'a, a jira gari ya waye. Labaran da muke magana a kansu sun ɗauko abin tsoron daga dawa sun shigar da shi cikin kan mutumin da ke ba da labarin. Marubuci yana zaunar da mai karatu a cikin ƙwaƙwalwar mutum guda, ta yadda ba ya gani sai da idonsa, ba ya ji sai da kunnensa, sannan bayan an yi nisa mai karatu ya fara lura cewa idon nan da kunnen nan ba ƙalau suke ba, ga shi kuma ba shi da wasu da zai ara. Kulle ƙofa ba ya magani a nan, domin tare da abin aka kulle ku.

Shi ya sa mutum zai karanta wani labarin daga farko har ƙarshe ba a zubar da ko ɗigon jini ba, amma barci ya gagare shi. Wasu akwai kisa a cikinsu, sai dai abin da ke tayar da tsigar jiki shi ne natsuwar da mai kisan yake bayyana aikinsa da ita, kamar mai koya maka ɗinkin hula.

Me ake nufi da mai ba da labarin da ba a sakin jiki da shi?

Wani masanin adabi ɗan Amurka mai suna Wayne C. Booth shi ne ya raɗa wa abin suna a littafinsa The Rhetoric of Fiction na 1961, ko da yake dabarar ta girme shi nesa ba kusa ba. Ana nufin mai labarin da maganarsa take saɓa wa abin da labarin kansa yake nunawa, kuma marubucin da gangan ya shirya haka domin mai karatu ya gano da kansa.

Iri uku na fi cin karo da su. Akwai maƙaryacin da ya san ƙarya yake yi, yana wanke kansa ne a gabanka kamar mai bayani a gaban alƙali. Akwai wanda iyakar gaskiyarsa yake faɗa amma lamarin ya fi ƙarfin fahimtarsa, kamar yaron da ke ba da labarin shirun da ya shiga tsakanin iyayensa bai san saki ake shirin yi ba. Sai na uku, wanda hankalinsa ya juya, duk abin da ya faɗa ya yarda da shi har zuci, kuma shi ne ginshiƙin labarin tsoro. Maƙaryaci ana iya ritsa shi, tunda ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wanda ya ga abin da babu shi da idonsa, ba ka da tambayar da za ta ritsa shi, domin kowace hujja ka kawo sai ta zama ƙarin shaida a wurinsa cewa kai ma kana cikin masu ƙulla masa.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga mai labarin da ba a kama maganarsa da hannu biyu. Kakanninmu suna rufe tatsuniya da cewa ba don Gizo ba da sun yi ƙarya, kuma wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, ya san Alhaji Imam da bakinsa yake ba da labarin yadda suka yi ta yi wa juna ƙeta shi da Malam Zurƙe. Sai dai a can an yi yarjejeniya tun farko, mai faɗa da mai sauraro duk sun san raha ake yi. A labarin tsoro babu wannan yarjejeniya, sai ka ba da amana tukuna sannan ka gane wa ka ba.

Tunda bakinsa kaɗai muke da shi, ta yaya za mu gane cewa akwai matsala?

Da bakin nasa yake tona kansa. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne gajeren labarin Edgar Allan Poe na 1843, wanda masu karatun Faransanci suka sani da Le Cœur révélateur ta fassarar Charles Baudelaire. Tun jimlar farko mai labarin yana gardama cewa shi ba mahaukaci ba ne, kuma hujjarsa ita ce tsanakin da ya bi wajen kashe wani tsoho da suke gida ɗaya. Ya amsa da kansa cewa tsohon bai taɓa cutarsa ba, ba kuma dukiyarsa yake kwaɗayi ba, idonsa guda ne kawai, mai shuɗi-shuɗi da yana a kai, yake hana shi sukuni. Dare bakwai yana leƙa ɗakin tsohon da tsakar dare, a na takwas ya aikata, ya ɓoye gawar a ƙarƙashin katakon daɓe. 'Yan sanda uku suka zo saboda wani maƙwabci ya ji ƙara, ya tarbe su da fara'a, har ya dasa kujerarsa daidai kan wurin. Sun gamsu suna ta hira, shi kuwa sai ya fara jin wani bugu yana ƙaruwa, ya ɗauka zuciyar tsohon ce, ya tabbata su ma suna ji, ba'a kawai suke yi masa, har ya kasa daurewa ya faɗi inda gawar take. An ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, to a nan ba ma wanda ya ce as ɗin.

Alamun da ake kama irin wannan mutum da su kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Yana kare kansa fiye da yadda aka tuhume shi, yana kawo ƙaramin dalili ga babban aiki, yana ƙirga abin da ba a ƙirgawa, kuma idan ya ruwaito maganar wani, maganar tana nan daidai amma fassarar da ya yi mata ta karkace. Ga wani ɗan misali da na ƙaga domin zamanmu, a bakin wani magidanci a tsakiyar zafin Afirilu:

"Ni dai ba na zargin kowa, Allah ya sani. Abin da na sani shi ne murfin randar da nake daidaitawa da hannuna bayan isha'i, da asuba a karkace nake samun shi, yau kwana tara ke nan. Da na yi wa uwargida magana sai ta ce, 'Haba Malam, ai kai ne ka tashi sau uku jiya kana shan ruwa, ina kallonka.' Wai ni. Ni da ban runtsa ba tun ranar Talata ina zaune ina gadin randar. Kuma me ya hana ta barci har take kallona? Ashe har da ita."

Ba wanda ya gaya wa mai karatu cewa mutumin nan ba shi da lafiya, amma ya ji kwanakin da aka yi ba barci, ya ji matar ta faɗi magana mai ma'ana, ya kuma ga yadda kulawarta ta zama laifi. Hausa tana da kayan wannan aiki a shirye. Kalmar "wai" tana ture maganar wani gefe ba tare da an ƙaryata ta ba, "ashe" kuma ita ce muryar wanda ya ɗauka ya gano gaskiya, don haka idan ta fito daga bakin wanda ya ɓata hanya, nauyinta ya fi na shafi guda na bayani.

Wanda bai taɓa karanta irin waɗannan labarai ba, da wanne zai fara?

Ga mu da muka yi makaranta da Faransanci a Kamaru da Chadi, shawarata ita ce Le Horla na Guy de Maupassant, sigar 1887, domin ba fassara ba ce kuma ana gama shi a zama ɗaya. Littafin ajiyar sirri ne na wani mai hali da ke zaune a bakin kogin Sen kusa da birnin Rouen. A ranar 8 ga Mayu yana cikin jin daɗinsa ya ga wani farin jirgin ruwa na Birazil yana wucewa, ya ɗaga masa hannu, daga nan zazzaɓi da faɗuwar gaba suka sa shi gaba. Da dare yana jin wani abu ya hau ƙirjinsa ya shaƙe shi, yana so ya yi ihu ko ya motsa ya kasa. Lokacin da muka kai wannan shafi a zamanmu, mutum uku a tare suka ce dannau, kuma ba su yi kuskure ba, siffarsa ce sak.

Wurin da ya fi burge ni shi ne gwajin ruwa. Ya lura kwalbar da ya cika kafin ya kwanta tana wayar gari babu komai a ciki, sai ya ajiye ruwa da madara da giya da burodi da 'ya'yan itace, aka sha ruwan da madarar aka bar sauran. Da ya yi zargin ko shi ne yake tashi cikin barci ya sha, sai ya naɗe kwalaben da farin ƙyalle, ya shafa baƙin gari a leɓensa da gemunsa da hannuwansa. Da ya farka, ƙyallen fes, kwalaben kuwa wayam. Mutumin yana aiki da hankali irin na mai bincike, kuma mai karatu yana bin sa yana gyaɗa kai, har sai ya tuna cewa wanda ya shirya gwajin, da wanda ya duba sakamakon, da wanda ya rubuta shi, duk mutum ɗaya ne. Ƙarshenta ya kulle abin a ɗaki a ganinsa, ya banka wa gidan wuta, sai da ya ji kururuwa ya tuna masu yi masa aiki suna ciki.

Maupassant ya fara fitar da wata siga a 1886, inda majinyacin yake ba da labarinsa a gaban likitoci kuma akwai likitan da yake mara masa baya. Da ya sake rubutawa sai ya cire shaidun, ya bar mu da mutumin shi kaɗai da takardarsa. Duk mai son ya koyi wannan sana'a ya karanta sigogin biyu a jere.

Mu da muka yarda akwai aljanu, wannan dabarar za ta yi aiki a kanmu kuwa?

Wannan ita ce tambayar da aka fi jayayya a kai, kuma a ra'ayina ta fi aiki a kanmu fiye da yadda take yi a kan Bature. Tzvetan Todorov, masanin adabi haifaffen Bulgeriya da ya yi aikinsa a Faransa, ya bayyana a wani littafinsa na 1970 cewa rayuwar irin wannan labari tana cikin ɗan lokacin da mai karatu yake kai-kawo tsakanin bayani biyu, ko dai abin daga gaibu yake, ko kuma yana da dalili na zahiri, kuma da zarar an yanke hukunci labarin ya koma wani iri daban. To mai karatun da tun asali bai yarda da gaibu ba, kai-kawonsa na aro ne, ya san a ransa inda zai sauka. Mu kuwa ƙofofin nan biyu a buɗe suke da gaske. Idan yarinya ta faɗi tana sambatu a wani gida a unguwa, kafin magariba za ka ji mai cewa iska ce a nemo mai ruƙiyya, da mai cewa jifa ne, da mai cewa zazzaɓi ne ya hau mata kai a kai ta asibiti, kuma duk ukun suna ƙaunarta.

Littafin da ya fi kowanne riƙe wannan kai-kawo shi ne na Henry James na 1898, wanda ake kira Le Tour d'écrou da Faransanci. Wata budurwa ce aka ɗauka ta yi renon marayu biyu, Miles da Flora, a wani babban gida a ƙauyen Ingila. Ta fara ganin wani namiji da wata mace waɗanda aka ce tsofaffin ma'aikatan gidan ne da suka rasu, ta kuma tabbata yaran suke nema, kuma yaran suna ganinsu suna ɓoyewa. Babu wani a gidan da ya amsa cewa ya gan su. Amma kuma da ta siffanta namijin, mai kula da gidan ta gane shi nan take, alhali budurwar ba ta taɓa saninsa yana da rai ba. Labarin ya ƙare yaron ya mutu a hannunta. A 1934 Edmund Wilson ya rubuta cewa fatalwar a kanta kawai take, wasu suka tashi suka kare ta, kuma har yau ba a rufe maganar ba. Ko ta wane gefe ka bi, akwai abin da zai hana ka sakewa, domin idan gaskiya ta gani to yaran suna cikin hatsari kuma ba mai taimakonta, idan kuma ba gaskiya ba ne to ita ce hatsarin, kuma ita aka ba amanarsu.

Abin da nake ƙorafi a kai game da yawancin labaran aljanu da ake rubutawa da Hausa a WhatsApp da Facebook shi ne gaggawa. Tun babi na biyu aljanin ya bayyana da kofato da jajayen idanu, ya faɗi sunansa da na ubansa da abin da yake so. Daga nan babu sauran tsoro, sai jiran malamin da zai zo ya ƙone shi.

Me ya sa zargi ya mamaye waɗannan labarai haka?

Domin zargi yana kama da hankali ƙwarai. Mai tsarguwa yana lura da abin da wasu ba sa lura da shi, yana haɗa wannan da wancan, yana tuna wanda ya yi shiru da ya shigo majalisa da wanda ya canja hanya a kasuwa, kuma kowane ɗaya daga abubuwan da ya gani ya faru da gaske, zaren da ya ɗinke su da shi ne kawai nasa. Mai karatu yana jin daɗin bin mai basira, shi ya sa yake nisa tare da shi kafin ya farga.

Wani abin kuma shi ne wani lokaci mai zargin yana da gaskiya. Wanda ya zauna a Marwa ko Injamena a 2015, shekarar da aka kai hare-haren ƙunar baƙin wake a garuruwan biyu, ya san yadda kasuwa take zama idan kowa yana kallon ƙunshin da ke hannun kowa, kuma ba wanda zai kira wannan hauka. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Marubuta sun daɗe suna wasa a kan wannan iyaka. A labarin Lu Xun na ƙasar Sin na 1918, wani mahaukaci ne ya yarda mutanen garinsu har da yayansa naman mutane suke ci, kuma marubucin ya yi amfani da shi ne ya faɗi yadda tsohuwar al'ada take cinye masu rauni. A wasan kwaikwayon Gas Light na Patrick Hamilton na 1938, mijin ne yake ɓoye kaya a gida yana ɗora wa matarsa, har ta fara yarda hankalinta ne yake gushewa.

Wanda matan zamanmu suka fi tsayawa a kai shi ne labarin Charlotte Perkins Gilman na 1892, The Yellow Wallpaper. Mace ce da ta shiga damuwa bayan haihuwa, mijinta likita ya ajiye ta a wani ɗaki na sama mai ƙarafa a taga, ya hana ta aiki da rubutu da ziyara, duk da sunan hutu da ƙauna. Ba ta da abin kallo sai zanen takardar da aka manne a bango, har ta fara ganin wata mace a bayan zanen tana neman fita. Gane-ganenta ba gaskiya ba ne, amma abin da ta faɗa tun farko, cewa zaman nan yana ƙara mata ciwo, gaskiya ne, kuma shi ne ba wanda ya saurara.

Marubutan nan su ma masu taɓin hankali ne?

Wasu sun ɗanɗana, amma ba ciwon ne ya rubuta labaran ba. Gilman ta sha irin wannan magani na hutun dole a hannun likita Silas Weir Mitchell a 1887, ta rubuta labarinta ne bayan ta yi watsi da shawararsa. Bessie Head, wadda aka haifa a Afirka ta Kudu a 1937 ta koma Botsuwana, ta gina A Question of Power na 1973 a kan rugujewar hankalin da ta fuskanta da kanta. Maupassant kuwa ciwon tunjere ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya yi yunƙurin kashe kansa a Janairun 1892, ya rasu a wani asibitin masu taɓin hankali a Faris a 1893. Amma Le Horla ya riga wannan da shekaru, kuma tsarinsa na mutumin da yake riƙe da linzamin alƙalaminsa ne sosai.

Ba izgili ake yi wa marasa lafiya ba?

Akwai masu yin haka, kuma ya kamata a faɗa. Labarin da ya mayar da mai taɓin hankali makashi a kullum yana ƙara wa mutanen da yara suke jifa a titi nauyi a kan wanda suke ɗauke da shi, alhali an fi cutar da su fiye da yadda suke cutarwa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 1 cikin 300 a duniya yana fama da ciwon sikizofireniya, mai sa jin muryoyi da mugun zargi, ban da waɗanda zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau ko ƙwayar tiramol ko rashin barci suke rikita wa tunani. Ke nan da wuya a samu unguwar da babu gidan da abin ya shafa.

Labaran ƙwarai tausayi suke haifarwa. A labarin Nikolai Gogol na Rasha na 1835, wani ƙaramin akawu ne da aka raina a ofis yake rubuta abin da ke faruwa da shi kullum, ya fara jin karnuka suna magana, daga baya ya gano shi ne sarkin Sifen. Kwanan watan da yake sawa a saman shafi ma ya rikice, har akwai ranar 43 ga Afirilu. Mai karatu yana dariya har aka kai shi gidan mahaukata, shi yana ganin fadarsa ce, ana dukansa ana kwara masa ruwan sanyi a kai, sannan a shafin ƙarshe ya kira mahaifiyarsa ta cece shi. A nan dariyar take maƙalewa a wuya.

Addini bai hana irin wannan karatu ba?

Fatawa ta malamai ce, kuma su ya dace a tambaya. Abin da zan iya cewa shi ne batutuwan ba baƙi ba ne a karatunmu. Suratul Hujurati ta yi umarni da nisantar yawan zato, Suratun Nasi neman tsari ce daga mai sanya waswasi a ƙirazan mutane, kuma hadisi ya zo cewa an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo.

Ina so in rubuta irin wannan da Hausa. Me zan kiyaye?

Ka fara da mutumin da mai karatu zai so, mai gaisuwa, mai sana'a, mai raha, domin ba a cin amanar wanda bai ba da ita ba. Ka zaɓi ƙaramin abu na gida ka tsaya a kansa, murfin randa ne ko takalmin da aka juya a ƙofar masallaci ko lambar da take kira da ƙarfe biyun dare a yi shiru, ka bar shi ya yi ta girma. Ka ajiye aƙalla mutum ɗaya mai lafiyayyen hankali a kusa da shi, uwa ko aboki ko mai shayin bakin layi, wanda maganarsa za ta riƙa isowa ga mai karatu ta bakin mai labarin, a murɗe amma ana iya miƙe ta. Kuma ka san gaskiyar abin da ya faru kai a ranka, ko da ba za ka taɓa faɗa ba, domin mai karatu yana gane marubucin da ya bar ƙofa a buɗe da gangan da wanda bai san inda makullin yake ba.

Wuraren labari kuwa muna da su birjik. Jirgin ƙasan dare daga Ngawundare zuwa Yawunde, inda mutum yake kwana da baƙi a ɗaki guda, ya isa labari. Haka gadar da ta haɗa Kuseri da Injamena, inda mutum yake canja harshe da ƙasa cikin 'yan mintoci, ko gidan haya mai tsakar gida ɗaya inda maƙwabta suke magana da Fulatanci ko Larabcin Shuwa wanda mai labarin rabi-rabi yake ji, sauran rabin kuma zuciyarsa ce take cike masa. Abu ɗaya da nake roƙo shi ne kada a rufe da cewa ashe mafarki ne, domin wannan ba ya ƙara komai sai haushin wanda ya ƙone batirin wayarsa yana karatu.

A ina ake samun littattafan, kuma akwai wanda bai kamata ya karanta ba?

Poe da Maupassant da Gogol da James da Gilman duk sun daɗe da rasuwa, don haka ayyukansu na asali suna nan kyauta a intanet, kuma fassarar Baudelaire da Le Horla suna kan shafukan littattafai na Wikisource da Gallica, ba sa cin data mai yawa. Masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa kusa da makarantun sakandare sukan samu Maupassant, musamman a farkon shekarar karatu.

Wanda yake cikin kwanakin rashin barci, ko yake jin ana magana da shi ba ya ganin mai yi, ko ya fara ganin 'yan gidansu sun haɗa masa kai, ya ajiye waɗannan littattafai tukuna, ya gaya wa wanda ya yarda da shi, a raka shi wurin likita, kuma yin haka bai hana addu'a ba. Sauran masu karatu kuwa, abin da muka saba a zamanmu shi ne mutum ɗaya ya karanta a bayyane, a tsaya a tsakiya kowa ya faɗi ko har yanzu ya yarda da mai labarin, sannan a ci gaba. A Le Horla mun tsaya ne daidai gwajin kwalabe, kuma cikin mu goma sha ɗaya, bakwai suna tare da shi.